Ciwon da Ke Ɓuya a Gadon Likita

Ranar 5 ga Satumba 2015, a kan duwatsun Vallnord da ke 'yar ƙaramar ƙasar Andora, wata budurwa 'yar Faransa mai shekara 23 ta yi abin da babu wanda ya taɓa yi a tarihin tseren keke, namiji ko mace. Sunanta Pauline Ferrand-Prévot, haifaffiyar birnin Reims, kuma a gidan 'yan keke ta tashi. Shekara guda kafin wannan rana, a garin Ponferrada na Sifaniya, ta cinye gasar duniya ta tseren kan kwalta. A ƙarshen Janairun 2015, a Tábor ta ƙasar Cek, cikin tsananin sanyi, ta cinye ta tseren nan da ake sauka a saɓa keke a kafaɗa a tsallake shinge. Ga shi yau ta haɗa da ta hawan duwatsu. A wannan wasa, duk wanda ya zama zakaran duniya ana sa masa farar riga mai zanen bakan gizo a ƙirji, ya shekara yana tsere da ita. Pauline riguna uku ta haɗa a lokaci guda.

Masu tafi da masu ɗaukar hoto ba su san cewa a wannan zamani ne ƙafarta ta hagu ta fara yi mata gardama ba.

Ciwon yana da wata irin ɗabi'a. Idan tana tafiya a ƙasa, lafiya lau. Idan ta hau keke tana takawa a hankali, ko da za ta wuni a kan sirdi, babu abin da take ji. Amma da zarar an zo tudu, ko abokan karawa sun ƙara wuta ta miƙe za ta bi su, sai cinyar ta ɗaure, ta yi nauyi, ƙarfi ya zare daga cikinta. Daga baya ita da kanta ta bayyana cewa duk lokacin da ta haura kimanin kashi 70 cikin ɗari na ƙarfinta, sai ta ji ƙafar ta mutu. Idan ta sassauta, cikin 'yan mintoci ƙafar ta dawo kamar ba ita ba. Kafin ta sauka daga keke ta sha ruwa ta je gaban likita, ciwon ya daɗe da tafiya.

Sai kuma ƙaddara ta kawo abin da ya ƙara rikita lissafi. A ƙarshen 2015 ta samu tsagewar ƙashi a saman ƙwauri, daf da gwiwa. Ta yi jinya, ta dawo da gaggawa domin gasar Olamfik na tafe. Yanzu duk wani ciwo da ta ambata a ƙafa yana da inda za a jingina shi. Aka ce ragowar raunin ne. Aka ce jijiyar laka ce da ke saukowa daga gadon baya zuwa ƙafa ta matse, aka yi mata magani a kan haka. A watan Agustan 2016, a birnin Rio na Birazil, macen da duk Faransa ta zuba wa ido ta zo ta 26 a tseren kwalta, a tseren duwatsu kuwa ko ƙarasawa ba ta yi ba, ta sauka a tsakiyar hanya. Bayan 'yan kwanaki ta rubuta wa masoyanta cewa keken da ta fi ƙauna a duniya ya zame mata abin tsoro.

Ta ga likitoci da yawa, ta sha magunguna iri-iri. Ni dai ban ga laifin gangan a wurinsu ba, domin duk wanda aka kawo masa wannan yarinya ya kwantar da ita a gado ya duba, lafiyayyar mace zai gani. Zuciyarta ta fi ta kowa a asibitin ƙarfi. Ba ta shan taba, ba ta da ciwon suga, babu kitse a jikinta. Idan ya ɗora yatsa a bayan idon sawunta, zai ji jini na bugawa daidai wa daida a ƙafa biyun. Abin da aka koya wa kowane likita a makaranta shi ne toshewar jijiyar jini ciwon tsofaffi ne da mashaya taba. Wa zai kalli zakarar duniya mai shekara ashirin da 'yan kai ya ce jini ne ba ya isa ƙafarta? Saboda haka akan koma kan baya, a koma kan tsoka, a koma kan tsayin sirdi. Idan duk an zagaya ba a ga komai ba, sai a fara raɗe-raɗin cewa matsalar a ka take: ko nasara ce ta zo mata da wuri, ko tsoro ne, ko zuciyarta ce ta karaya. 'Yan tsere da dama da suka yi wannan ciwo sun ɗanɗani irin wannan zargi, kuma sau tari ya fi ciwon kansa zafi, domin mutum yakan kai matsayin da shi ma zai fara tuhumar kansa da ragwanta.

A nan ne labarin ya fi taɓa ni. Sana'ar ɗan tsere gaba ɗayanta dauriya ce. Tun yana yaro ake koya masa cewa zafin cinya abokin tafiya ne, wanda ya fi iya haɗiye shi shi ke cin gasa. To wannan hali da ya ɗaga Pauline sama da kowa, shi ne kuma ya rufa wa ciwon asiri. A 2017, a garin Cairns na Ostareliya, da wannan ƙafa mai mutuwa ta zo ta uku a gasar duniya ta hawan duwatsu. Wanda ya ga mace a kan dandamali da lambar tagulla a wuya, yaya za a yi ya yarda cewa ƙafarta guda ba ta samun isasshen jini? Dauriya abin yabo ce, amma akwai bambanci tsakanin zafin gajiya, wanda ke kama ƙafa biyu tare, da ciwon da ke zuwa a ƙafa ɗaya tak, a daidai nauyi ɗaya, kullum, ya kuma tafi da zarar an huta. Na biyun saƙo ne. Jiki magayi, in ji mutanenmu, kuma nata ya shekara huɗu yana faɗa.

Wani abin da ke ƙara ba da takaici shi ne ciwon ba baƙo ba ne a ƙasarta. Tun a tsakiyar shekarun 1980, kafin a haife ta, likitocin tiyata a Suwizalan da Faransa suka fara rubutu a kansa, bayan sun buɗe jijiyoyin wasu 'yan tseren keke sun ga abin da ba su saba gani ba. Wani likitan Faransa, Jean-Michel Chevalier, ya wallafa bayaninsa a 1986, ya kuma shafe shekaru yana yi wa 'yan tsere aiki. Sunan ciwon endofaiburosis. A birnin Angers, Pierre Abraham da abokan aikinsa sun daidaita hanyar auna shi. A Veldhoven ta ƙasar Holan, Goof Schep ya yi dogon bincike a kan yadda jijiyar ke lanƙwashewa. Ilimin yana nan a ajiye. Abin da ya rage kawai shi ne wani ya tuna da shi a daidai lokacin da mai ciwon ke zaune a gabansa.

Ga yadda abin yake. Jini yana fitowa daga zuciya ta babbar jijiya, ya gangara ta cikin ciki. Wajen saitin cibiya jijiyar ta rabu biyu, ɗaya dama ɗaya hagu. Kowacce ta sake rabuwa a cikin mara: reshe ɗaya ya nutsa ya shayar da mafitsara da maƙwabtanta, ɗayan ya bi gefen ƙashin ƙugu, ya ratsa matsematsi ya shiga cinya. Wannan na biyun, wanda likitoci ke kira iliyak ta waje, shi ne babbar hanyar jinin ƙafa, kuma faɗinsa galibi bai wuce santimita guda ba. Mutum yana zaune, zuciyarsa na tura kimanin lita 5 na jini a minti, ƙafa kuwa kaɗan take nema daga ciki. Ƙwararren ɗan tsere idan ya kai maƙura a kan tudu, zuciyarsa na iya tura lita 25 zuwa 35 a minti, kuma mafi yawansa ƙafafu ne ke shanyewa.

Yanzu dubi zaman ɗan tsere a kan keke. A duƙe yake, ƙirji ya kusa taɓa kan keken don ya yanka iska, cinya na tasowa har ta kusa dukan ciki, sau 80 ko 90 a kowane minti. Ƙwararru maza sukan taka wajen kilomita 30,000 a shekara, an kuma ƙiyasta cewa ƙugunsu na naɗewa kimanin sau miliyan 8 a shekarar. Duk naɗewa ɗaya, jijiyar nan ma sai ta naɗe, ga jini na bi ta cikinta da ƙarfin tsiya. A ƙarƙashinta akwai wata tsoka da ke tasowa daga ƙashin baya, ita ce ke ɗaga cinya. A jikin 'yan keke takan yi kauri ta turo jijiyar gaba. Wani lokaci ma wani ɗan ƙaramin reshe kan ɗaure jijiyar a jikin tsokar, ya hana ta zamewa. A wasu mutanen kuma jijiyar takan yi tsawo fiye da kima, sai ta riƙa karyewa idan an ɗaga cinya. Duk manomin rani ya san wannan a tiyon ban-ruwa: idan ya lanƙwashe a wuri guda, muddin inji na tafiya a hankali ruwa zai riƙa fita ba a lura ba, amma a ba injin wuta, sai ka ga ƙarshen lambu a bushe, inji kuwa na ta kuka. Shekara da shekaru na wannan murza, sai bangon cikin jijiyar ya kare kansa ta hanyar yin kauri da wani farin nama mai tauri. Ba kitse ba ne irin na tsofaffi. Hanya ta ƙuntata, bangon kuma ya daina buɗewa lokacin da ake buƙata. An fi ganinsa a ƙafar hagu, kuma bayan 'yan keke yana kama masu gudun dogon zango da masu tseren kan ƙanƙara.

Tunda ciwon a kan tudu yake fitowa, dole a kawo tudun cikin asibiti. Ɗakin awon yana da kafaffen keke, da gado a manne da shi, da robobin awon jini a shirye. Da farko a kwantar da ɗan tsere a auna ƙarfin jini a damatsa da idon sawu biyu. A lafiyayyen mutum, na idon sawu yakan yi daidai da na hannu ko ya ɗan fi shi, kuma mai wannan ciwo ma haka nasa zai nuna. Sai a ɗora shi a keke, ya duƙa yadda yake duƙawa a gasa. A riƙa ƙara wa feda nauyi kaɗan-kaɗan. Zufa ta fara ɗiga a kan tabarmar roba, numfashi ya koma huci, ma'aikata na tsaye a gefe da robobi a hannu suna ƙarfafa masa guiwa kada ya tsaya. Ba a so ya sauka don ya gaji. Ana so ya taka har sai ciwon nan da ya kawo shi ya iso, ƙafar ta mutu a ƙarƙashinsa. A wannan daƙiƙa ake janye shi zuwa gado, a naɗe hannu da ƙafafu, a hura robobin. Minti na farko shi ne komai. Idan aka yi nawa, jini ya daidaita, shaida ta ɓace.

Sai a raba awon idon sawu da na hannu. Ƙafa mai lafiya takan ɗan sauka kaɗan. Mai ciwon kuwa sai ta faɗi warwas. Masu binciken Angers sun nuna a 2001 cewa idan sakamakon ya gaza 0.66 a minti na farko bayan an taka iya ƙarfi, akwai babbar alamar ƙuntatar jijiya. Likita yakan kuma naɗe cinyar zuwa ƙirji ya ɗora abin sauraro a mara, ya ji wani sauti, shuu, shuu, na jinin da ke kutsawa ta matsatsiyar hanya. Bayan nan a yi sikanin da ke nuna gudun jini, ƙafa a miƙe da kuma a naɗe, sannan a ɗauki hoton jijiyoyin da babbar na'ura bayan an zuba ruwan da ke haska su, don a ga daidai inda kaurin ya fara da inda ya ƙare. Matakin farko na duk wannan bai buƙaci komai ba sai keke, gado, robar awon jini, da likitan da ya yarda da maganar mai ciwo.

A ƙarshen 2018 binciken jijiyoyin jini ya tabbatar da ciwon a ƙafar Pauline ta hagu, ta kuma sanar da duniya.

Bari in ɗan ratse, domin wannan siffa ta ciwo tana nan a unguwanninmu da wata fuska. Akwai dattijon da kan fito zuwa masallaci, ya yi tafiya kaɗan sha-raɓarsa ta ɗaure, ya tsaya ya dafa bango kamar yana gaisawa da mutane, bayan minti biyu ya ci gaba, a gaba kaɗan ya sake tsayawa. Mukan ce tsufa ne ko sanyin ƙashi. Sau da yawa jijiyar jinin ƙafarsa ce ta ƙuntata, amma shi nasa daga kitse ne, musamman idan yana da ciwon suga ko hawan jini ko ya daɗe yana shan taba. Shi ko a kwance aka auna, idan sakamakon idon sawu da hannu ya gaza 0.9, an gano shi. Kuma gargaɗi ne cewa jijiyoyin zuciya da na ƙwaƙwalwa ma suna iya kasancewa cikin wannan hali. Irin wannan baba, asibiti ya kamata 'ya'yansa su kai shi, kada a tsaya ga man zafi.

Sanin sunan ciwo yana kawo sauƙi, amma shawarar da ke biye da shi mai nauyi ce. Babu ƙwayar da ke narkar da wannan kauri. Wanda ke hawa keke don nishaɗi, akan ce masa ya ɗaga kan kekensa ya rage duƙawa, ya daina fizgo feda sama, ya rage wuta, ko ya canza wasa; da yawa hakan ya ishe su rayuwa lafiya, domin jinin da ke wucewa ya wadatar da tafiya da aikin yau da kullum. Amma wanda tsere ne abincinsa, hanya biyu ce: ya ajiye keke, ko ya kwanta a yanka. Idan jijiyar ɗaurewa kawai ta yi, a kwance ta daga jikin tsoka. Idan tsawo ta yi, a yanke a rage. Idan bangon ya yi kauri, a tsaga ta a tsaye, a ɓare farin naman, sannan a yi mata faci don ta ƙara faɗi, galibi da guntun jijiyar da aka ciro daga ƙafar mutumin. Ragar ƙarfen nan da ake zura wa tsofaffi a jijiya don ta buɗe, ƙwararrun ƙasashe da suka yi matsaya a kan ciwon a 2016 ba su goyi bayan sa ta a nan ba, domin wuri ne da ke naɗewa dare da rana, ƙarfen na iya karyewa ko ya gusa.

Aikin kuma ba wasa ba ne. Ryan Cox, ɗan Afirka ta Kudu, wanda ya cinye gasar Langkawi ta Maleshiya a 2005, ya daɗe yana fama da mutuwar ƙafar hagu. A watan Yulin 2007 aka yi masa aiki a Faransa, ya koma gida. Kimanin mako uku bayan haka jijiyar ta fashe, jini ya zuba a cikinsa. Ya rasu ranar 1 ga Agusta 2007 a Kempton Park, yana da shekara 28. Irin wannan ba ya yawan faruwa, amma ya isa ya nuna dalilin da likitoci ke hana ɗan tsere motsa jiki mai ƙarfi na makonni bayan aikin, da dalilin da ba a yanka lafiyayyen matashi sai an tabbatar. A nan ma wata dauriyar ake nema, ta zama wuri ɗaya, wadda ta fi yi wa irin waɗannan mutane wuya fiye da hawan dutse.

A farkon 2019 aka yi wa Pauline aiki a birnin Lyon. Ta yi watanni ba ta shiga gasa ba. Ta fara da tattaki, ta koma taka keke a hankali, tana kallon sa'o'inta suna tsere a talabijin. A watan Agusta ta ci wata babbar gasa a Val di Sole ta Italiya. A ƙarshen watan, a Mont-Sainte-Anne ta Kanada, inda ta taɓa zama zakarar matasa a 2010, ta karɓo rigar bakan gizo da ta rabu da ita. Bayan mako uku ta ƙara da ta dogon zango a Grächen ta Suwizalan.

Sai ciwon ya dawo, a ƙafar nan dai ta hagu. Wannan karon ba a yi shekara huɗu ana laluben duhu ba. Ta san muryarsa, ta faɗa, aka saurare ta, aka duba inda ya dace. A Janairun 2020 aka sake yi mata aiki, a watan Oktoban shekarar kuma ta sake zama zakarar duniya a Leogang ta Ostiriya. Ciwo ɗaya, ƙafa ɗaya, mace ɗaya: na farko ya ci mata shekarun da ɗan wasa ya fi ƙarfi a cikinsu, na biyu 'yan watanni kawai ya ɗauka. Ba ita kaɗai ba ce. Annemiek van Vleuten da Marianne Vos na Holan, da Fabio Aru na Italiya, duk sun kwanta saboda wannan jijiya. Wasu sun dawo da ƙarfinsu, wasu ba su ƙara komawa yadda suke ba.

A gasar Olamfik ta Tokyo Pauline ta zo ta 10. A 2022 ta ɗauki kambun duniya huɗu a shekara ɗaya. Ranar 28 ga Yuli 2024, a kan tudun Élancourt kusa da Faris, ta ci zinaren Olamfik na hawan duwatsu, ta ba wadda ta zo ta biyu ratar kusan minti uku. Daga nan ta ajiye keken duwatsu ta koma kwalta, ta ce gasar Tour de France ta mata take nema. A watan Afrilun 2025 ta ci tseren Paris-Roubaix, wanda ake yi a kan tsofaffin hanyoyin dutse. Ranar 2 ga Agusta aka zo dutsen Madeleine, hawan da ya haura kilomita 18 ba sassauci, ta bar kowa a baya ta isa ƙoli ita kaɗai ta sa riga mai ruwan ɗorawa ta jagorar gasa. Washegari ta sake cin zangon ƙarshe a Châtel, ta ɗauki gasar da ratar minti 3 da daƙiƙa 42 tsakaninta da Demi Vollering ta Holan, tana da shekara 33.